Mai Sunan Baba

Litinin, 14 ga Oktoba 2019, bayan la'asar

Wata goma sha uku rabona da wannan littafi, tun ranar da labari ya iso labo, ɗakin bincikenmu a nan Lyon, cewa an kama Baba a Rasha. Yau na zaro shi daga ƙarƙashin tsofaffin mujallu, don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Wata mata ta kira ni daga Paris. Ban san lambar ba, na ɗauka masu tallan intanet ne, har na gyara murya zan sauke musu kwandon masifa. Sai na ji ta ce, "Madame Ni'ima Maazou? Sunana Varvara. Ni ce 'yar Farfesa Rudakin."

Ina tsaye a ƙofar labo da baji, katin buɗe ƙofa, a hannu.

Ta ce ranar 25 ga Nuwamba za a fara shari'arsa, a asirce, ba 'yan jarida, ba iyali. Tuhumar dai ita ce wadda muka sani, cin amanar ƙasa, wai ya ba Turawa sirrin jirage masu tsananin gudu. Lauyansa ba shi da izinin faɗin abin da ke cikin takardun, kaɗan ya iya gaya mata. Jami'an tsaro sun kwashe wasiƙun imel da muka yi da shi, ɗari biyu da sha huɗu. Babu inda na kira shi da sunansa ko sau ɗaya. Baba, Baba, Baba. Shi ma da haka yake sa hannu. Masu bincike sun ce sunan ɓoye ne, irin wanda ake ba ɗan leƙen asiri.

"Lauyan ya ce in nemi matar Lyon in tambaye ta," in ji Varvara. "Madame, mene ne Baba?"

Na gaya mata a gurguje. Ta ce in rubuta haka, in sa hannu gaban notar, mai buga wa takardu hatimin shaida, in haɗa da takardar da ke nuna sunan mahaifina. Dole ta isa hannun lauya kafin 15 ga Nuwamba, don a juya ta zuwa Rashanci.

Na ce zan kira ta.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Ban kira ta ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, lokacin abincin rana

Bari in gwada rubuta shi nan tukuna, da Hausa, inda ba notar.

Ba shi ya haife ni ba. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da biyu, ɗan wani ƙauye a Saiberiya, uwarsa wanki take yi a asibiti. Shekara arba'in da bakwai ya yi a cibiyar bincike ɗaya, kan tambaya ɗaya: a ina iskar da ke bin fukafukin jirgi a natse take rikicewa, kuma me ya sa. Littafinsa na haddace lokacin da nake karatun digirin dokta. A bangon littafin harafi ɗaya ne kafin Rudakin, shi ya sa ban shirya ba.

A bazarar 2014 ya zo Lyon na wata uku, kan aikin haɗin gwiwa na jirgin fasinja. Jirgin fasinja, ba na yaƙi ba. Duk shafin da ya kawo mana sai da kwamiti uku na ƙasarsa suka buga masa hatimi, ya sha yi mana ƙorafin haka. Ranar farko ya miƙo min hannu ya faɗi sunansa, sai na ji sunan ubana ne, harafi da harafi. Ubana da ya rasu ina aji uku a lekol, makarantar firamare. Wa ya taɓa gaya min akwai masu wannan suna a Rasha?

Sati guda ina ta kewaye-kewaye, Professeur nan, Professeur can. Rannan ya ajiye sukurdireba ya ce, "Ni'ima, a nan kowa yana kirana da sunana har mai shara. Ke me na yi miki?" Na ce masa a Damagaram ɗiya ba ta kama sunan ubanta, kuma duk mai wannan suna ya ci albarkacinsa, Baba ake ce masa. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye. Wai a yarensu baba mace ce, irin 'yar ƙauyen nan mai ɗankwali. Ya ce, "Na karɓa. Shekara sittin da bakwai ina namiji, ya isa."

Ni na koya masa yadda ake amsawa. In na ce Baba daga wancan ƙarshen bututun iskar da muke gwada fukafukan jirgi a ciki, sai ya ɗaga kai ya ce, "Na'am," yana jan ta kamar mai kiran sallah. Shi kuma ya koya min sauraron bututun da kunne. Kafin na'ura ta nuna komai sai ya ɗaga yatsa, wato iska ta rikice. Bai taɓa kuskure ba, abin haushi.

Akwatin da muke zuba sakamakon awo a kwamfutar labo, ni na sa masa suna. BABA, da manyan haruffa. Ni da hannuna.

Ga shi na rubuta, bai kai shafi biyu ba. Me ya hana in juya shi da Faransanci?

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je wurin Mushe Perrachon, mai kula da tsaron labo. Mutumin kirki ne, ya haɗa min kofi da kansa. Na gaya masa komai.

Ya ce, "Ba zan hana ki ba, madame, ba ni da wannan ikon. Amma dole in rubuta rahoto." Ya tuna min cewa izinina na shiga ɓangaren bututun iska a watan Janairu za a sabunta shi, kuma daga Paris amsar ke fitowa, kuma idan suka ce a'a ba sa faɗin dalili. Baƙuwa wadda sunanta ya shiga shari'ar leƙen asiri, ko a matsayin shaida ce, ya ce shi dai bai san yadda za su karanta abin ba.

Na ce ai sunana yana cikin shari'ar tun tuni.

Ya ce, "A Rasha yake. Nan bai iso ba tukuna."

Shekara goma sha ɗaya na yi kafin wannan bajin ya zama nawa. Na sha kofin har ƙarshe, na ce merci.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Ruwa tun safe. Varvara ta kira sau biyu. Na kifa wayar a kan tebur ina kallon bayanta tana rawa.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Na sauka unguwar Guillotière, na shiga shagon Hajiya Biba wai zan sayi daddawa. Hajiya 'yar Maraɗi ce, shekara talatin a Lyon, ita ce uwarmu duka 'yan Nijar na nan. Kallo ɗaya ta yi min ta tura min kujera da ƙafa.

"Ke ɗiyata, mi ya same ki? Kin koma kamar tsinken tsire."

Na tuna mata tsohon da nake kawowa sayen kilishi.

"Wanga mai jan hanci, da ke ci yana kuka yana ƙarawa? Allah sarki. Yana lahiya?"

Da na gama ba ta labari ta daɗe tana gyara ledojin da ba su buƙatar gyara. Sannan ta ce, "Ni'ima, mu baƙi ne. Ki ruhwa ma kanki asiri. Waɗanda suka kama shi kina tsammani takardarki suke jira? Sun gama shari'assu tun kahin su buga mishi ƙohwa. Ke ki rasa aikinki, shi bai hita ba, c'est tout, shi ke nan."

Abin da nake so in ji ke nan, shi na zo nema. To me ya sa na fito ina jin haushinta? Daddawar ma a kan kanta na baro ta.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Inna. Akwai wata matsala da ban gaya wa Varvara ba: babu sunan ubana a ko ɗaya daga cikin takarduna. Kawu Maazou ne ya kai ni lekol, da mushe, malamin makarantar, ya tambayi sunan uba sai ya ba da nasa, shi ke bina har yau a fasfo. Takarda ɗaya ce ke ɗauke da sunan gaskiya, tsohuwar takardar haihuwa ta kotun Damagaram, tana cikin akwatin ƙarfen Inna.

Bayan gaisuwa na ce ina son takardar. Ta ce ta mece ce. Na ce wani malamina ne ya shiga matsala a ƙasarsu, saboda sunan da nake kiransa.

"Wane suna?"

"Baba nake ce mishi, Inna. Mai sunan ne."

Inna ko a mafarki ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. Shekara ashirin da shida da rasuwarsa, har yau Malam take cewa, kuma sai ta rage murya.

Ta ce, "Mai sunan Malam ne? To ai ubanki ne. Kamalu zai nemo miki."

Shi ke nan abin da ta ce, ta koma zancen ciwon gwiwarta. Ban gaya mata maganar baji ba. Da wace Hausa zan fara?

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Na aika wa Varvara saƙo cewa ina jiran takarda daga gida. Gaskiya ce. Na ji daɗin samun gaskiyar da zan ɓuya a bayanta.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da yamma

Yaya Kamalu ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Lyon, ta iso shagon Hajiya yau. Ban yi zaton za ta zo da wuri haka ba. Yayana da bai taɓa yin abu kan lokaci ba a rayuwarsa, sai wannan karon.

Hajiya ta miƙo min ambulan haɗe da daddawata. Sai da na kai ƙofa ta ce, "Abin da na hwaɗa miki rannan, tsoro ne ya hwaɗe shi. Ban janye ba, amma ki sani."

Na buɗe a tram. Takardar ta yi ja, tana warin akwati da turaren Inna. Ga sunan nan a layi na uku, an buga shi da tafireta. Na rufe da sauri kamar na leƙa ɗakin da bai kamata ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, tsakar rana

Ban rubuta ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun tayar da bututu yau, gwaji tara. A na shida na ga yatsana a sama kafin na'ura ta motsa. Abokan aiki suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Kamar tsohon." Nan take kowa ya sami abin dubawa a allonsa. A labo ba a ambatonsa, hotonsa ma da muka ɗauka a bakin kogin Rhône wani ya cire shi daga jikin firij tun bara. Ba zan zagi kowa ba. Ni na ga an cire, na ɗauki madarata na rufe firij.

Yana da ciwon sukari. Ko wa ke ba shi allura?

Ban rubuta ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yau ce ranar. Na zauna ina jiran Varvara ta kira ta zage ni, na ma shirya amsoshi. Ba ta kira ba. Saƙo ta turo, layi biyu: "Na gane, kina da rayuwarki a nan. Ya sha ba ni labarinki, na gode da kika kula da shi a Lyon."

Da zagina ta yi da na samu abin riƙewa. Na shiga banɗakin labo na yi kuka, irin mai majina, ina sakin ruwa don kada a ji.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Na rubuta shaidar. Minti arba'in ya ɗauke ni. Minti arba'in, bayan sati biyar.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da safe

Na gaya wa Mushe Perrachon ya rubuta rahotonsa. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce a'a.

Talata, 19 ga Nuwamba, cikin jirgin ƙasa, da yamma

Varvara ta tare ni a Paris, a tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Ban nemi alama ba, girar ubanta ce a fuskarta. Tana koyar da piyano a Paris, shekara uku ba ta je gida ba, yanzu kuma lauya ya ce kada ta je. Na fara ba ta haƙuri, ta ce, "A bari sai mun fito."

A ofishin notar, kusa da dandalin Nation, an tambayi cikakken sunanta. Ta faɗa, sai na ji sunan a tsakiya. Ashe su haka suke yi, kowa yana yawo da sunan ubansa manne da nasa, kuma in za a girmama ka da shi za a kira ka, da ƙarfi, a gaban jama'a. Ka ga mutanen da zan yi wa bayanin kunya.

Notar ɗin ta karanta shaidata daga farko har ƙarshe, da muryar mai karanta takardar magani. Ta zo kan takardar Damagaram ta kasa gane rubutun tafiretan. Ta ɗago ta ce, "Sunan mahaifinki, madame? Ki faɗa min in tabbatar."

Na ce yana nan a layi na uku.

"Na gani. Ki faɗa."

Shekarata talatin da biyar, bai taɓa fita daga bakina ba. Varvara ta kama bakin hannun rigata. Na faɗa. Notar ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa.

Ba abin da ya faru. Ta buga hatimi, ta ce mu yi hankali da matakala.

Mun aika da masu kai saƙon gaggawa. Varvara ta ce wataƙila alƙali ya karɓa ko a makare, wani lokaci suna yi. Ta saya min shayi a tashar, ta zuba jam a nata kamar yadda yake yi. Na kau da kai ina kallon allon jirage.

Litinin, 25 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Yau za su fara. Can gari ya riga ya waye. Na yi masa addu'a, ban san ko yana da addini ba, ban taɓa tambaya ba.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Na ɗora baji a ƙofar ɓangaren bututu, fitila ta nuna ja. Na goge shi a rigata na sake ɗorawa, kamar datti ne matsalar. Mushe Perrachon ya sauko da kansa, ya ce na wucin gadi ne, sai an gama dubawa. Bai iya kallon idona ba, har tausayinsa na ji.

Sun ba ni tebur a ofishin da ke bayan bango. Daga nan ana jin bututun. Ƙarfe sha ɗaya da kwata iska ta rikice musu, na ji, ba wanda ya tambaye ni.

Juma'a, 6 ga Disamba, bayan azahar

An yanke masa hukunci. Shekara goma sha biyu.

Juma'a, da la'asar

Saba'in da biyu a tara da sha biyu. Ina ta yin lissafin kamar zai ba da wata amsa.

Takardata ta isa ranar 28, bayan an juya ta. Alƙali ya ƙi karɓa, ya ce an wuce wurin. Varvara ta ce ko da wuri ta zo da ya samo wani dalilin, haka lauya ya faɗa. Wataƙila. Hajiya ma haka ta ce tun farko. Amma ni aikina awo ne, ba na yarda da abin da ban gwada ba, kuma wannan gwajin ba a sake shi. Kwana tara takardar Damagaram ta yi a jakata kafin wa'adi ya cika.

Ina shirin ajiye waya Varvara ta ce, "Dakata, akwai abin da lauya ya ce in tambaye ki. Ya ce wannan dai ba sirrin ƙasa ba ne."

Wai lauyan ya roƙi Baba tun farko, tunda ba shaida daga Lyon, kada ya nuna wata shaƙuwa da wannan suna, ya ce wasa ne na 'yan labo da ya manta da shi. Rana ta biyu mai gabatar da ƙara ya tashi zai karanta wasiƙuna. Ya ɗauki ta farko, ya karanta kalmar farko da ƙarfi. Sai tsohon, daga cikin kejin gilashi, ya ɗaga kai ya faɗi wata kalma. Magatakarda ya kasa rubutawa, alƙali ya tambaye shi me ya ce, ya ce ba ta fassaruwa.

"Lauya ya rubuto min yadda ya ji ta," in ji Varvara. "Na, am. Madame, mene ne na'am?"

Sai da na zauna a ƙasa, nan tsakanin tebur da bango. Na ce mata abin da mutum ke cewa ne in nasa ya kira shi. Ga ni, ina jin ka.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan magariba

Yau ce ranar da mutanen Lyon ke jera 'yan kyandirori a tagogi. Maƙwabciyata ta kawo min shida, suna nan kan tebur ban kunna ba.

Varvara ta turo adireshin da za a riƙa rubuta masa. An yarda da wasiƙa, amma sai an karanta kafin a ba shi. Lauya ya ce sharaɗi ɗaya, don Allah, kada kalmar nan ta sake fitowa, ko a sama ko a ƙasa, akwai ɗaukaka ƙara a gaba. Professeur ma bai so, ya ce a kira shi da sunansa kamar kowa.

Na gwada fara wasiƙar ba tare da kiran kowa ba, ta zama kamar takardar ofis. Na yaga uku.

A ta huɗu na rubuta. Bari in sa shi nan ma, tunda littafin nan bai taɓa ganinsa ba.

Ilya.

Haruffa huɗu ne kawai. Na karanta a fili, a hankali, ni kaɗai a ɗakin, don bakina ya saba. Sai na tsinci kaina na yi shiru ina jira.

Ba wanda ya amsa.